Tambayoyinku: fita waje da mage, kare ko aku

Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan dabbobi ne, ban san ko haɗa baki kuka yi ba. Toh bismillah.

"Nan da sati shida zan bi maigidana Jamus. Ina da mage shekararta huɗu a hannuna, wallahi in na tuna zan bar ta sai hawaye. Mutane dariya suke min. Akwai yadda zan yi in tafi da ita?" Maman Mage

Ƙanwata share hawayenki, masu dariya ki ƙyale su, wanda bai taɓa riƙon dabba ba ba zai gane ba. Za ki iya tafiya da ita, amma gaskiya ɗaya ce, in ba ki fara komai ba har yanzu to ba a wannan tafiyar ba. Ƙasashen Tarayyar Turai suna da jerin ƙasashen da suka yarda da su a kan ciwon haukan kare, yawancin ƙasashen Afirka kuma ba sa ciki, don haka akwai matakai da sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, in aka sa na baya a gaba an ɓata aiki. Da farko likitan dabbobi zai sa mata maikurocif, wata 'yar mitsitsiyar na'ura ce da ake turawa ƙarƙashin fata, tana ɗauke da lamba 15, ita ce katin shaidarta. Sai bayan an sa wannan ake yin allurar rigakafin haukan kare, eh har mage ana yi wa, kuma allurar da aka yi kafin a sa na'urar ba ta cikin lissafi sai an sake. Daga nan ki ƙirga aƙalla kwana 30 a ɗebi jininta a aika ɗakin gwajin da su Turawan suka amince da shi, ba kowanne ba, sakamakon kuma, wato ƙarfin rigakafin da ke cikin jinin, kada ya gaza 0.5 a ma'auninsu. In ya yi kyau sai ki sake zaman jiran wata 3 daga ranar da aka ɗebi jinin. Ki haɗa lissafi da kanki, wata huɗu ke nan ko da komai ya tafi sumul. Takardar lafiya ta likitan gwamnati ita ce ta ƙarshe, kwana 10 kacal take aiki kafin a duba ta a wurin shiga, kar ki yi gaggawar karɓarta.

Shawarata ki fara gobe-goben nan, ki bar ta wurin wanda kika yarda da shi, in lokaci ya cika ki dawo ki ɗauke ta ko maigidan ya ɗauko. Mage ba ta mantuwa a wata huɗu, sai dai ta yi miki fushi na kwana biyu.

"Wane keji zan saya? Na ga wani na yadi mai kyau da araha. Kuma akwai maganin barci da zan ba shi?" Mai kare

Na yadi na cikin jirgi ne kusa da ƙafarka, shi ma sai in kamfanin ya yarda, kuma da yawansu ba sa barin dabba da jakarta su wuce kilo 8. In ƙasan jirgi wurin kaya za a sa karen to sai mai ƙarfi, wanda iska ke shiga, ƙofarsa ta ƙarfe, wanda zai miƙe tsaye a ciki kansa bai taɓa rufi ba, ya juya, ya kwanta. Wannan ƙa'idar ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ce ta IATA, in kejin ya yi kaɗan a gabanka za su mayar da shi kana ji kana gani. Ka tambayi kamfanin jirgin kafin ka sayi keji, kafin ma ka yanki tikiti. Maganin barci kuwa a'a. Yana saukar da bugun jini, dabba ta kasa tsayuwa daidai in jirgi ya girgiza, likitocin dabbobi sun hana. Ka sayi kejin da wuri ya riƙa kwana a ciki ya saba. In kuma karen naka irin masu murtukakken hancin nan ne kamar Bulldog ko Pug, ka sani numfashi ke ba su wahala, kamfanoni da yawa ba sa ɗaukar su a ƙasan jirgi kwata-kwata.

"Wani ejan ya ce in na biya shi zai haɗa min duka takardun karena cikin sati ɗaya har da sakamakon jini, ba sai an kai karen ko'ina ba. Ingila zan je. Ya kake gani?" Alhaji mai sauri

Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri amma yau sai na faɗa maka. Sakamakon jinin karen da ba a ɗebi jininsa ba, jinin wa aka gwada, na ejan ɗin? Wannan ba taimako ba ne, jabu ne, kuma kai ma ka san jabu ne shi ya sa ka rubuto min maimakon ka biya kawai.

Abin da mutane ba sa ganewa shi ne waɗannan takardun ba irin na je-ka-na-yi-ka ba ne da ake bugawa hatimi a wuce. Lambar na'urar da ke jikin karen tana kan takardar allura, tana kan sakamakon gwaji, ɗakin gwajin kuma yana da nasa kundin, jami'in da ke can zai ɗora abin karantawa a wuyan karen ya ga lamba, ya duba ranar da aka sa na'ura da ranar allura da ranar ɗibar jini, in ya yi shakka ya tuntuɓi ɗakin gwajin. Ejan ɗinka zai iya buga takarda mai ƙyalli, amma ba zai iya sa sunan karenka a kundin wani ɗakin gwaji da ke wata ƙasa ba. Ranar da asiri ya tonu shi yana gida wayarsa a kashe, kai ne a tsaye a filin jirgi. A Ingila ana iya killace dabba har wata 4 kuma daga aljihunka za a biya kuɗin kwananta da cinta, ko a mayar da ita inda ta fito, shi ma a kanka. Wato kuɗin da ka ƙi kashewa sau ɗaya ka kashe shi ninki-ba-ninki, ga karen da bai san hawa ba bai san sauka ba yana kulle a wurin baƙi.

Kuma ba kai kaɗai abin ke shafa ba, nan ne raina ke ɓaci. A shekarar 2020 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta kama karnuka sama da 450 da takardun allura na bogi ko marasa inganci, me ya biyo baya? A watan Yulin 2021 suka dakatar da shigo da karnuka daga ƙasashe sama da 100. Masu gaskiya da suka bi layi suka kashe kuɗinsu suka yi jira, su ma aka rufe musu ƙofa saboda masu neman gajeriyar hanya. Kada kuma a ce wulaƙanci ne kawai na Turawa. Ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 duk shekara a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum sai dai addu'a. Ƙasar da ta sha wahala ta kawar da shi ba za ta yi maka kara ba don kana da babbar riga. Ko Amber Heard, 'yar fim ɗin Amurka, da ta shiga Ostareliya da karnuka biyu a 2015 ba ta bayyana su ba, sai da ta tsaya gaban kotu a 2016 ta amsa laifin cike takarda da ƙarya, balle ni da kai.

Har da masu sayar da satifiket a intanet wai karenka "mai kwantar da hankali" ne don ya shiga cikin jirgi kyauta, wannan ma kuɗin banza ne, tun farkon 2021 Amurka ta daina tilasta wa kamfanonin jirgi su karɓi irin wannan. Ejan na ƙwarai akwai shi, aikinsa ya kama maka wuri a jirgi ya bi maka takardu, amma duk wanda ya ce zai rage maka kwanakin jira to aljihunka ya hango.

Tunda Ingila ce, ƙarin abu biyu: kare sai an ba shi maganin tsutsar ciki tsakanin awa 24 zuwa 120 kafin ya shiga, likita ya rubuta rana da lokaci, sannan ba ya zama kusa da kai a jirgi, a matsayin kaya zai tafi. In kuma Pit Bull ne ma ka huta, haramtacce ne a can.

"Ɗan kwikwiyona wata uku, Amurka." Ɗalibi

Ko gaisuwa babu. Bai isa ba. Tun 1 ga Agustan 2024 sai kare ya kai wata 6, da na'urar a jikinsa, ka cike fom ɗin CDC a intanet. In daga ƙasar da ake ganin tana da haɗarin ciwon haukan kare ya fito, a can kuma aka yi masa allura, sai ta wasu filayen jirgi ƙalilan masu wurin duba dabbobi zai shiga, ka kama masa wuri tun kafin tafiya, in babu sakamakon jini mai kyau a killace shi kwana 28. Ka tambayi kanka ma ko ɗakin da za ka zauna ana barin kare.

"Akun mahaifiyata ya fi shekara ashirin a gidanmu. Ta rasu, ni kuma a waje nake aiki. Ina so in tafi da shi, har yanzu yana kiran sunana da muryarta." 'Yar Hajiya

Allah ya jiƙan Hajiya ya sa ta huta, ya ba ku haƙuri. Na karanta saƙon nan sau biyu. Sai dai 'yar'uwa aku ya fi kare da mage wuyar fitarwa. In mai ruwan tokan nan ne mai jan wutsiya, tun Janairun 2017 yana rukuni na ɗaya a yarjejeniyar CITES mai kare namun dajin da ke neman ƙarewa, ma'ana sai kin samu izinin fita daga ƙasar da yake da izinin shiga daga ƙasar da za ki kai shi, kuma za a tambaye ki yadda aka same shi tun asali, in babu wata shaida abin kan cije. Ga kuma batun murar tsuntsaye da ke sa a killace shi ko a hana shi shiga gaba ɗaya. Ki fara rubuta wa hukumar kula da namun daji ta ƙasashen biyu kafin ki kashe ko sisi. Kada ki kuskura ki ba wani ya tsallaka miki da shi a ɓoye, in aka kama ƙwace shi za a yi, ba za ki sake jin muryar nan ba. In bai yiwu ba gara ya zauna a gidan da ya sani wurin 'yan'uwa, ki riƙa kiran bidiyo.

"In na sa 'yar kyanwa a aljihun jaket zan wuce? Ƙarama ce sosai." Ba suna

Jaket ɗin cire shi ake yi a sa a na'urar duba kaya. Kuma kyanwa tana kuka.