Shayin rana da shukar na'a-na'a a gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ina wuni ya aiki. Dan Allah tambayata biyu ce. Na ga bidiyon wata Baturiya 'yar Amurka ta cika babbar kwalba da ruwa ta jefa Lipton a ciki ta ajiye a rana, bayan wasu awanni ya zama shayi, ta sa suga da ƙanƙara da na'a-na'a. Na ce ai mu rana ba ta yi mana kaɗan ba, ga gas ya yi tsada. Na gwada, na sa sugana tun farko na bar shi daga safe har la'asar, ranar mun sha lafiya amma ragowar da ya kwana sai ya yi wani irin yauƙi da wari, maigida ya ce a zubar. Me na yi ba daidai ba? Na biyu, duk na'a-na'ar da na dasa sai ta bushe cikin sati biyu. A taimaka min, na gode.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Da farko dai ki yi wa maigida godiya, gaskiyarsa da ya ce a zubar. Shayin da ya yi yauƙi yana jan zare kamar ruwan kuɓewa ba na sha ba ne, ko tacewa aka yi ko sake tafasawa, ƙwayoyin cuta ne suka hayayyafa a ciki har suka fito fili.

Bari in faɗa miki abin da masu bidiyon nan ba sa faɗa. Rana ba ta dafa shayi, ɗumama shi kawai take yi. Ruwa yana tafasa ne a digiri 100, shi kuwa ruwan kwalbar da aka ajiye a rana da wuya ya wuce digiri 54 ko kusa da haka. Toh a ilimin tsaftar abinci, tsakanin digiri 5 zuwa 60 nan ne ƙwayoyin cuta suka fi sakewa, musamman wajen 30 zuwa 40, wasunsu duk minti 20 suna iya ninka yawansu. Kin ga ke nan kwalbarki ta wuni a daidai inda suke so. Za ki ce ai ranarmu ta fi ta Amurka zafi, a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ana haura digiri 40 a inuwa ma. Haka ne, amma ruwan ba tashi ɗaya yake zafi ba, a hankali yake hawa, ya ɗauki awanni yana ɗumi-ɗumi kafin ya kai ƙololuwa da azahar, sannan ya sake saukowa ta wannan hanyar da yamma. Ke kuma kin ƙara musu da suga tun safe, wato kin ba su ɗumi kin ba su abinci, sannan ya kwana a waje. Ai dole ya yi yauƙi.

Daga ina ƙwayoyin suka fito? Wuri uku. Ruwan kansa, kwalbar, da ganyen shayin, don busasshen ganyen shayi amfanin gona ne, an tsinke shi an shanya an yi ta dagwalo da shi kafin ya shiga takarda, ba lallai an kashe duk ƙwayoyin da ke jikinsa ba, tafasasshen ruwan da muke zuba masa kullum shi ke rufa mana asiri. Su kansu Amurkawan sun san da wannan, a 1996 hukumarsu ta yaƙi da cututtuka CDC ta fitar da gargaɗi a kan shayin sanyi, ta ce a jiƙa shi da ruwan da ya kai kusan digiri 90 na minti 3 zuwa 5, kuma kada a ajiye shi a waje, ba a firij ba, fiye da awa 8. Sannan ki tuna yawancinsu ruwan famfon da aka sa wa sinadarin kashe ƙwayoyi suke amfani da shi, mu kuwa wani lokaci na 'yan garuwa ne ko rijiya ko tankin da an manta rabon da a wanke shi.

Akwai masu cewa ai rana na kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, kuma ba ƙarya suka yi ba. Akwai hanyar da ake koyarwa a ƙasashe masu ƙarancin ruwan sha, a zuba ruwa garai-garai a farar gorar roba da ba ta wuce lita 2 ba a kwantar a rana mai ƙarfi awa 6, hasken ya ratsa ya kashe su. Amma sharaɗinsa ruwan ya zama garau. Da zarar kin jefa Lipton ruwan ya yi ja, hasken ba ya ratsawa kamar da, an rasa wannan amfanin, saura ɗumin kawai.

Shi shayin sanyi mai zaƙi abin mutanen kudancin Amurka ne, jihohi irin su Jojiya da Alabama, can idan ka ce a ba ka shayi a gidan abinci shi za a kawo maka da ƙanƙara cike da kofi. Shan shayi da ƙanƙara ya yi suna sosai bayan babban baje kolin duniya da aka yi a birnin St. Louis a 1904. Na ajiyewa a rana kuma daga baya ya yi tashe, mutane na gudun kunna murhu a ɗaki lokacin zafi. Kuma gaskiya yana da daɗi, ban hana shi wannan ba, saboda ruwan da bai tafasa ba baya fizgo sinadarin da ke kawo bauri da yawa, shayin sai ya fito da laushi a baki, kalarsa ta yi kyau.

In dai kin nace sai na rana kike so, ga yadda za ki rage haɗarin. Ki samu kwalbar gilashi mai murfi, ki wanke da sabulu ki ɗauraye da ruwan zafi, kada ki yi da roba ko jarkar mai. Irin kwalaben nan masu ɗan famfo a ƙasa sun fi kyan gani amma cikin famfon nan datti ke maƙalewa, sai an kwance an wanke. Ruwan ya zama wanda aka tafasa ya huce, ko na gora da kika yarda da shi. Lipton 3 a duk lita ɗaya, in kina son shi da ƙarfi 4, ko Highland ɗin nan na Mambila duk ɗaya ne. Ki rufe ki ajiye a rana awa 2 zuwa 3, a ranar bazara tamu ma awa 2 ta isa, kada ya wuce 4 ko ta halin ƙaƙa. Ba suga, ba na'a-na'a, ba lemun tsami a wannan lokacin, ruwa da shayi kawai. Ki cire Lipton ɗin da cokali mai tsafta ba da hannu ba, kada ki matse, ki kai firij nan take, a shanye a ranar. Kuma ko an bi duk wannan ni ba zan ba ƙaramin yaro ko mai ciki ko tsoho mara lafiya ba.

Ni dai shawarata ki bar rana ta yi shanyar kaya. Hanya biyu sun fi. In kuna samun wuta, ki yi komai yadda na faɗa amma ki sa kwalbar a firij da dare, awa 8 zuwa 12, da safe ki cire Lipton, wallahi ya fi na ranar ma laushi kuma zai yi kwana biyu zuwa uku lafiya in dai sanyin bai yanke ba. In kuwa NEPA sai a hankali a unguwarku, kuma damuwarki gas ne, ba sai kin tafasa ruwan duka ba. Ki tafasa kofi 2 kacal, ki sauke, ki jefa Lipton 6 ki rufe minti 5, ki cire, ki narkar da suganki tun da zafinsa, sannan ki cika da ruwan sanyi mai tsafta zuwa lita 2. Gas ɗin da zai ci bai kai na dafa ƙwai ba. Wasu matan kudancin Amurka na sa ɗan mitsitsin baking soda a ciki, abin da yatsa biyu za su tsinta, yana kashe baurin. In kin ga ya yi hazo-hazo bayan ya shiga firij ba lalacewa ba ce, saurin sanyaya shi ne ya jawo, ki bari ya ɗan huce tukuna. Hazo daban, yauƙi da wari daban.

Maganar suga. Ba ta narkewa da kyau a ruwan sanyi, sai ta kwanta a gindin kofi, don haka ki dafa ta daban, kofi ɗaya na suga kofi ɗaya na ruwa har ta narke, ki sauke ki jefa na'a-na'a cikin hannu ɗaya ki rufe minti 20 ki tace. Wannan ruwan sugan mai ƙamshi ki ajiye a firij, kowa ya zuba daidai bakinsa, kin ga ita ma na'a-na'ar ta sha zafi ke nan. Su can kudancin Amurka sukan zuba suga kofi ɗaya har biyu a galan ɗinsu mai kusan lita 4, mai kofi biyun nan zaƙinsa ya kamo lemon kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa cewa ta yi babba kada ya wuce kusan giram 50 a rana, wajen ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a rabin haka ma ya fi. Sanyi yana ɓoye zaƙi, shi ya sa mutum zai yi ta ƙarawa bai sani ba. Mai ƙarancin jini kuma kada ya sha shayi a kan abinci, yana rage shigar sinadarin ƙarfe jiki, a ba da tazarar awa ɗaya.

Toh sai na'a-na'a. Ba ki faɗi yadda kike dasawa ba, amma na san abin da yawancin mutane ke yi, a sayo ɗauri a kasuwa wanda ya wuni a tire, a soka a ƙasa a tsakar gida inda rana ke dukansa tun hantsi. Reshen da ba shi da saiwa ba zai iya shan isasshen ruwa daga ƙasa ba, ganyen kuma na ta fitar da wanda ke jikinsa, dole ya bushe.

Ki nemi sabuwar yanka, in da hali daga lambun wani. Ki yanki reshe mai tsawon santimita 10 zuwa 15, kusan tsawon tafin hannu, daidai ƙasan gaɓa inda ganye ke fitowa, don a nan saiwa ke tsirowa. Ki zage ganyen ƙasa ki bar huɗu ko shida na sama, ki tsoma a kofin ruwa a wurin da ke da haske amma ba rana kai tsaye, kina canza ruwan duk kwana biyu. Cikin sati ɗaya zuwa biyu za ki ga fararen saiwoyi sirara sun fito daga gaɓar, in sun kai tsawon gaɓar yatsa biyu sai ki dasa. Ki yi guda biyar ko shida, ba duka ke kamawa ba. Kada ki wahalar da kanki da neman iri, wata na'a-na'ar mai yaji-yajin sanyi a baki ma haɗin jinsi biyu ce ba ta yin irin kirki. Wadda muka fi gani a kasuwanninmu, mai ganye kore shar da ɗan tamoji, ita ce irin wadda 'yan Maroko ke cika buta da ita, kuma ita ta fi dacewa da shayi.

A tukunya za ki dasa, ko tsohon bokiti ko baho da kika huda gindinsa, faɗin bakinsa ya kai santimita 30, don ita a kwance take tafiya ba zurfi take nema ba. In kika sa ta a fili kusa da alayyahu ko tumatir za ta bi ƙarƙashin ƙasa ta mamaye ko'ina, kina cirewa tana fitowa ta wani gefen. Ƙasar ki haɗa ta lambu da yashi kaɗan da takin awaki ko na shanu wanda ya ruɓe sosai ya koma baƙi ba ya wari, ɗanyen kashin kaji ƙona ta zai yi.

Wurin ajiyewa shi ne rabin aikin. Littattafan Turawa za su ce tana son rana, tasu ranar suke nufi. A nan ki ba ta ranar safe zuwa wajen ƙarfe 11, daga nan inuwa, jikin katangar da ke kallon gabas ko gindin bishiya. Baƙar roba a kan siminti da tsakar rana dafa saiwar take yi, ki ɗora a kan katako ko bulo. Ruwa kuwa ƙasar ta zauna da lema kullum amma ba caɓi ba, ki soka yatsa, in saman ya bushe ki ba ta, a bazara safe da yamma, da damina ki duba kada ruwa ya kwanta. Kuma ba ruwan wanke-wanke mai omo ba dan Allah.

In ta kai tsawon taƙi ki fara tsinke kanta, duk inda kika tsinke rassa biyu za su fito, haka take cika. Masu tausayinta su ƙi yanka su ne tasu ke zama dogayen sanduna marasa ganye. Kada ki ɗebi fiye da kashi ɗaya cikin uku a lokaci guda, ki tsinka da safe lokacin ƙamshin ya fi ƙarfi, in kin ga fure ki cire. Da hunturu ƙura na kawo wasu ƙananan ƙwari da ke zama a bayan ganye su yi ɗan siririn saƙa, ganyen ya yi ɗigo-ɗigon rawaya, ki riƙa wanke bayan ganyen da ruwa, in ya yi yawa ki aske ta gaba ɗaya har kusa da ƙasa za ta sake toho. Kada ki fesa maganin ƙwari a abin da za ki jefa a kofi. Kaji da awaki kuma ke kika san yadda za ki yi da su.

Bayan kamar shekara za ki ga tsakiyar tukunyar ya mutu, sai gefe-gefe ke fitowa, saiwa ce ta cika wurin ta shaƙe. Ki juye ta, ki yanka gida huɗu da wuƙa, ki mayar da ɗaya a sabuwar ƙasa, sauran ki rarraba wa maƙwabta. Abu ɗaya da za ki lura, in maigida na fama da ƙwannafi na'a-na'a kan tayar wa wasu da shi, sai ki yi masa nasa da citta kaɗan, ko ki bar masa shi haka nan.