Robar zuƙe ruwa bayan tiyata: amsoshin likita

Tambaya: An cire wa mahaifiyata mama saboda ciwon daji, aka sallame mu da bututun roba a hammata, haɗe da 'yar gora. Mene ne amfaninsa, kuma yaya za mu kula da shi?

Amsa: Allah ya ba Hajiya lafiya. Wurin da aka cire nama yakan bar rami, jini da ruwan jiki su taru su hana fata mannewa. Gorar da aka matse iskarta ita ke zuƙo su waje. Iri uku aka fi gani: Jackson-Pratt, gora mai laushi da takan ɗauki mililita 100; Hemovac, mai faɗi da sifirin a ciki, mililita 400; sai Redivac, kwalba mai tauri mai jan ruwa da ƙarfi, wadda ba a juye ta, canza ta ake yi. Idan mai laushin ce, ki wanke hannu, ki buɗe murfin idan ta kai rabi, ki auna ruwan ki rubuta. Sannan ki matse gorar sosai kafin ki rufe. Nan mutane suka fi kuskure: gorar da ta kumbura ba ta jan komai.

Tambaya: Ruwan ya tsaya kwatsam, wurin kuma ya kumbura. Warkewa ce?

Amsa: A'a, Malama. Ruwan warkewa a hankali yake raguwa, daga ja zuwa ruwan hoda, zuwa ɗorawa-ɗorawa. Tsayawa farat ɗaya tare da kumburi, galibi gudan jini ne ya toshe bututun, ko ya lanƙwashe, ko iska ta shiga. Idan bututun ya zame ya fito waje kada ki tura shi ciki, ƙwayoyin cuta za ki shigar. Koma asibiti yau. Haka ma idan an ga jan jini na cika gora cikin awa guda, mugunya, wari, zazzaɓi da ya kai digiri 38, ko ruwa fari kamar madara bayan tiyata a wuya.

Tambaya: Yaushe ake cirewa?

Amsa: Galibi idan ruwan ya gaza mililita 30 a awa 24. Ma'aikacin lafiya zai saki iskar, ya yanke zaren ɗinkin, ya zare a hankali, ya duba cewa bakin bututun bai gutsure a ciki ba.