Zauren Harshe: Tsakanin Hasashe da Tsammanin Warabbuka

Tambayoyin wannan karon kusan duk daga masu kallon finafinan Marvel suka fito, kuma yawanci a kan WandaVision ne, shirin nan mai kashi 9 da Disney+ ya fara saki ranar 15 ga Janairun 2021, ya rufe ranar 5 ga Maris. Surutun da 'yan kallo suka yi a makonninsa na ƙarshe ya ishi mai nazarin harshe abin misali. Duk mai niyyar kalla nan gaba ya sani zan fasa ƙwai.

Malam, "sizin" ya kamata mu ce ko "zango"? Kuma me za a kira kashin ƙarshe? (Wani ɗalibi daga Zariya)

Zango, ɗana. Kalmar ta zauna daram, ba ta bukatar ɗan rakiya. Zango shi ne inda ayari ke sauke kaya ya kwana, kuma shi ne tsawon tafiyar da ke tsakanin masauki da masauki. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro da zango suke ƙirga hanya, daga nan ne unguwannin baƙi a Kumasi da Akara suka samu sunan da suke amsawa har yau. Makaranta ta ari kalmar ta ce zangon karatu, talabijin ma ta ara.

Sai dai duk wanda ya ce zango ya yi alkawarin za a sake ɗaura kaya. Saboda haka a raba biyu. In shiri zai dawo, kashinsa na ƙarshe ƙarshen zango ne. In ba zai dawo ba, wannan ƙurunƙus ne, kamar yadda ake rufe tatsuniya. WandaVision zango ɗaya aka yi masa, babu na biyu, don haka abin da mutane suka jira ranar 5 ga Maris ƙurunƙus ne.

Wace kalma ce ta dace da abin da Turawa ke kira "superhero"? Ni dai "jarumi" nake cewa. (Wata mai karatu daga Maraɗi)

Kin taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi, malama. Jarumi a asali mutum ne da aka gwada shi a fagen fama bai ja da baya ba. Kalma ce da ake saye da jini. Yau kuwa duk wanda kyamara ta haska fuskarsa ya zama jarumi, ko da a fim ɗin ɓarawon akuya ya fito, ko direban da ya buɗe ƙofar mota bai ce uffan ba. Har za ka karanta an rubuta "jarumin da ya fito a matsayin matsoraci", kuma marubucin bai ji komai ba.

Abin dariyar shi ne musanya aka yi. A gidajen kallo, kalmar Turanci mai nufin ɗan wasa ita ce ta koma sunan gwanin labari: akta, abokin karawar bos, wanda yara ke cewa ba ya mutuwa. Ita kuma kalmarmu mai nufin gwanin fama ta koma sunan ɗan wasa. Kowa ya sa rigar wani.

Ga inda wannan sakaci ke haifar da matsala. In kika ce "jarumar WandaVision", wa kike nufi? Elizabeth Olsen, 'yar wasan da ake biya, ko Wanda Maximoff, matar da ke cikin labarin? (Sunanta ke nan, ba "wanda" ɗinmu na nahawu ba.) Ki ce 'yar wasa ga ta farko, ki bar wa ta biyu jarumta in ta cancanta.

To amma jarumta kaɗai ba ta ɗauke ma'anar da kike nema. Jarumi mutum ne kamar kowa, zuciya ce ta fifita shi. Waɗannan kuwa suna tashi sama, suna ratsa bango. Gwarzo ya kusa, amma bikin ba da kyaututtuka ya tsotse shi, kowace ƙungiya tana da gwarzon shekara. Barde yana tafe da doki da sarauta. Ɗan tauri, wanda ƙarfe ba ya cinsa, da mai layar zana, wanda ke ɓacewa, sun nuna cewa tunanin ba baƙo ba ne a wurinmu, sai dai kowannensu fanni guda ya riƙe, kuma magani ya nema ya samu. Ni zan ce hatsabibin sadauki: sadauki don tsayawa kare jama'a, hatsabibi don abin da yake yi ya wuce hankali. In jimla ta yi nauyi, sadauki kaɗai ya wadatar, jam'insa sadaukai.

Masoya, magoya baya ko ma'abota? (Daga Gusau)

Mutum ake so, don haka masoyan 'yar wasa. Goyon baya sai inda ake takara, kamar ƙwallo da siyasa. Shiri kuwa ma'abota yake da su. Wanda ke zagin duk mai kushe shirin, wannan ɗan gani-kashe-ni ne.

Kafin kashin ƙarshe kowa ya yi ta faɗin abin da zai faru. Duk "hasashe" ake kira. Daidai ne? (Wani malamin firamare daga Azare)

Ba daidai ba ne, kuma 'yan jarida ne suka lalata mu da wannan. Hausa tana da matakai, kowane da ma'auninsa, kuma ma'aunin shi ne yawan hujjar da ke hannun mai magana.

Hasashe sai da alama. Ka ga hadari ya haɗo daga gabas, ka ce za a yi ruwa. A ƙarshen kashi na 5, ranar 5 ga Fabrairu, aka danna ƙararrawar ƙofa, Wanda ta buɗe ta ga ɗan'uwanta Pietro da ya mutu. Amma ba ɗan wasan da ya fito a matsayinsa a 2015 ba ne, Evan Peters ne, wanda ya taka irin wannan rawar a finafinan X-Men, wani rukunin sadaukai, na kamfanin Fox. Disney kuma, mamallakin Marvel, ya riga ya saye Fox a 2019. Mai kallon da ya haɗa waɗannan ya ce ana shirin shigo da X-Men, hasashe ya yi, mai kyau ma kuwa. Bai ci ba, domin a kashi na 9 aka nuna mutumin wani maƙwabci ne kawai mai suna Ralph Bohner da aka juya da sihiri. Rashin cin bai fitar da shi daga hasashe ba. Hadari ma yakan watse.

Haka batun Doctor Strange, wani sadauki mai sihiri a finafinan Marvel. An riga an sanar cewa Wanda za ta fito a fim ɗinsa na gaba, don haka masu cewa zai leƙo a kashin ƙarshe suna da madogara. Daga baya shugaban sashen finafinan Marvel, Kevin Feige, ya tabbatar cewa an shirya hakan sannan aka fasa.

Kintace kuwa na lissafi ne, adadi ko lokaci. Wanda ya duba tsawon kashi 8 da suka wuce ya ce na ƙarshe zai kai minti kaza, kintace ya yi. Canki-canka babu lissafi babu alama, jefa hannu ne a buhu.

Sai shaci-faɗi. A kashi na 5 wata mai suna Monica Rambeau ta ce ta san wani injiniyan kere-keren sararin sama da zai taimaka. Jimla ɗaya tak. Kafin mako ya zagayo an naɗa wa injiniyan suna, an ce Reed Richards ne, masanin kimiyya na rukunin sadaukan Fantastic Four, har ana gardamar ɗan wasan da zai fito. Da kashi na 7 ya zo, wata hafsan soja ce ta kawo motar da aka yi alkawari, shi ke nan. A nan mai magana ne ya shata da'irarsa ya cika ta da abin da ransa ke so. In kuma ya ɗora da "an ce wani na cikin kamfanin ya faɗa", ya gangara ƙila-wa-ƙala, wadda muka aro daga Larabci, ma'ana "an ce, ya ce".

Batun Mephisto, shaiɗanin nan na littattafan zane na Marvel, ya faro da hasashe ya ƙare da wani abu daban. Tushensa gaskiya ne: a littattafan, tagwayen Wanda suna da alaƙa da ruhinsa. Amma da makonni suka shige bai bayyana ba, maimakon a sassauta sai aka ƙara ƙaimi. Aka ce shi ne mijin maƙwabciya da ba a taɓa nunawa ba. Aka ce shi ne zomonta. Ƙwaro ya sauka a labule, aka ce ga shi nan. Bai fito ba har aka rufe. Wannan shi ne tsammanin warabbuka, malam ya ƙi noma don zakka. Ku lura da ginin karin maganar: laifin malamin ba sa rai ba ne, barin gonar da ke gabansa ne. Gonar a nan ita ce labarin da aka shimfiɗa tun kashi na farko, na mace da baƙin cikin rashin miji ya sa ta killace garin Westview da mutanensa. Masu jiran zakkar Mephisto sun wuce shi ba su duba ba.

Zato da tsammani kuma ba tagwaye ba ne, ko da muna cewa ba zato ba tsammani. Zato yakan fuskanci abin da yake nan amma a ɓoye: na zaci maƙwabciyar nan muguwa ce. Tsammani yana fuskantar abin da ke tafe, da ɗan kwaɗayi a ciki.

Me ake ce wa mai ba da labarin ƙarshen fim ga wanda bai kalla ba? (Daga Kaduna)

Ya fasa ƙwai. Ana sakin kashin ne ƙarfe 12 na daren Kalifoniya, wato 9 na safiyar Juma'a a nan, ga mutane a wurin aiki. Wanda ya kalla a lokacin ya hau Twitter ya zazzage, ya riga malam masallaci kuma ya kulle ƙofa. Kada a ce ya tona asiri, ba laifin kowa aka ɓoye ba.

Na ga an fassara laƙabin Wanda, wato Scarlet Witch, da "Jar Mayya". Ya yi? (Wata ɗaliba daga Damagaram)

Bai yi ba, 'yata. Ƙamus aka buɗe aka ɗauki ta farko. Maita a wurin Bahaushe abu ne takamaimai: kama kurwar mutum a cinye, shi kuma ya yi ta ƙanjamewa. Ana cewa gadonta ake yi ko a saya, kuma maye ba ya gina komai, ci kawai yake yi. Wanda kuwa gari guda ta sāke wa kama, ta samar da gida da miji da 'ya'ya daga babu. Wannan sihiri ne, ita kuma hatsabibiya.

In mayya kike nema a shirin, ga Agatha Harkness, maƙwabciyar da ta ɓoye da sunan Agnes har kashi na 7. Kashi na 8 ya buɗe da ita a garin Salem na Amurka a 1693, an ɗaure ta za a hukunta, sai ta zuƙe ƙarfin matan da suka kewaye ta har suka bushe, da mahaifiyarta a ciki. Ga maita sak, har da ƙanjamewar. Turanci ya haɗa su biyun a kalma ɗaya, mu muna da biyu, ban ga dalilin da za mu ari talaucin wani ba.

"Mayen kallo" da ake ce wa wanda ba ya ɗaga ido daga allo, wannan kuma ya halatta. Naci aka aro daga maye.

"Da sauran rina a kaba": rinin tufafi ake nufi? (Daga Kumasi)

Da yawa haka suka ɗauka, tunda ana rina kaba kafin a saƙa tabarma mai launi. Nahawu bai goyi bayansu ba. Bayan "sauran" suna ake bukata, sunan aikin kuma rini ne, da sai a ce da sauran rini. Rina a nan ƙwaron nan ne mai harbi, kaba kuwa ganyen ƙaramar goruba. Ka kore wasu, ka ɗauka an gama, ka miƙa hannu. Shi ya sa karin maganar ke ɗauke da gargaɗi, ba ragowar aiki kawai ba.

Ta dace da al'adar Marvel ta ɓoye ɗan guntun fim a bayan jerin sunayen ma'aikata. Kashi na 9 guda biyu ya ɓoye. A na biyun an ga Wanda a wata bukka cikin duwatsu tana nazarin littafin sihiri, sai ta jiyo muryar 'ya'yanta da aka ɗauka sun shafe. Wanda ya kashe talabijin da ganin sunaye bai san da wannan rinar ba.

Wace karin magana ce ta dace da waɗanda kashin ƙarshe bai gamsar ba? (Daga Birnin Kebbi)

Ya danganta da wanda ya jawo. Masu jiran Doctor Strange, ta leƙo ta koma. Masu Mephisto, na riga na ba su tasu. Akwai kuma rukuni na uku. Paul Bettany, mai fitowa a matsayin Vision, mijin Wanda a shirin, ya faɗa a hira cewa akwai wani ɗan wasa da ya daɗe yana burin aiki da shi, kuma sun haɗu a shirin. Aka yi ta jero manyan sunaye. Ashe kansa yake nufi, domin Vision biyu ne suka kara a kashi na 9, duk shi ne. Waɗannan an lasa musu zuma a baki ne, murna ta koma ciki. Kada a ce romon baka, domin shi mai romon baka wani abu yake so ya karɓa a hannunka. Wannan tsokana ce kawai.

Shi Vision ɗin, mutum-mutumi ne? (Daga Jos)

Mutum-mutumi a gona yake, yana korar tsuntsaye, ba ya aure. Ka ce ƙirar mutum mai hankali.