Ajin bayan tashi daga makaranta, yana da amfani kuwa?

'Yar'uwa, kin tambaya ko ajin yamma zai taimaki yaronki a lissafi da kimiyya ko gajiya ce kawai. Gaskiya ya danganta da abin da ake yi a wurin. In kwafar allo ne irin na safe, bar shi ya huta. Nawa yaron da ke tsoron lissafi, ranar da aka ba su zare suka auna kewayen murafai suka raba da faɗinsu, babba da ƙarami duk kusan 3.14 ke fitowa, wallahi ya dawo gida yana auna bakin kofuna har dare. Malamin safe ba shi da wannan lokacin, manhaja na bin sa a guje. Ki je ki zauna rana ɗaya, ki duba ko yaran na haɗa batir da waya da kwan fitila da hannunsu.