Agogon awon lafiya daga ƙasar waje: abin da za a duba kafin a tura kuɗi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a wani ƙauye kusa da Ringim a Jihar Jigawa. Mahaifina yana fama da hawan jini da ciwon suga, kuma zuwa asibiti don awo kawai yana wahalar da shi. Na ga tallar wani agogon hannu a intanet, an ce yana auna jini da suga da bugun zuciya ba tare da an huda yatsa ba. Shagon yana Amurka kuma ba ya aiko da kaya Najeriya, amma an ce akwai kamfanonin da ke ba mutum adireshi a can, su karɓi kayan su kawo masa. Wayata Tecno ce. Ko in saya ta wannan hanya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya kuma saka maka da alheri a kan wannan kulawa. Kafin mu shiga maganar hanyar kawo kayan, dole mu tsaya a kan agogon kansa, domin a can babbar matsalar take.

Kada ka sayi wannan agogo da niyyar awon suga. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta fitar da gargaɗi cewa ba ta amince da ko da agogo ɗaya ko zobe ɗaya da ke iƙirarin auna suga ba tare da huda fata ba, ta kuma ja kunnen jama'a da kada su dogara da irin waɗannan na'urori. Haɗarin a fili yake: idan agogo ya nuna cewa suga ya hau alhali ya sauka ne, sai mara lafiya ya ƙara magani ko allurar insulin, kuma faɗuwar suga tana iya sumar da mutum cikin ɗan lokaci. A ƙauyen da sai an nemi mai babur kafin a kai ga asibiti, wannan ba abin da za a yi gwaji da shi ba ne a jikin dattijo. Ƙaramar na'urar nan da ake huda yatsa a ɗiga jini a kan tsinken gwaji ita ce abin dogaro a gida, kuma ana samunta a manyan kemis na Kano da Dutse. Abin lura a nan shi ne ka zaɓi samfurin da tsinkensa yake samuwa a kusa da ku, don na'urar ba ta da amfani ranar da tsinke ya ƙare.

Awon hawan jini ma yana da nasa bayani. Mafi yawan agogunan nan haske suke haskawa a fatar hannu su lura da yadda jini ke gudana, kuma da wannan suna iya ƙirga bugun zuciya daidai gwargwado, amma matsin jini kintace suke yi. Ko agogon Samsung, wanda kamfani ne sananne, sai an daidaita awonsa da na'urar awon hawan jini da ake ɗaurawa a damtse duk bayan kwana 28, kuma manhajar awon tana aiki ne da wayar Samsung, a ƙasashen da aka ba ta izini. Ka ga ke nan ko da ka sayi agogo mai kyau, ba ka rabu da na'urar damtse ba. Saboda haka shawarata ita ce ka fara da ita, irin wadda ake ɗaurawa a sama da gwiwar hannu, ka kai ta asibiti a gwada ta da tasu, jami'in lafiya ya nuna maka yadda ake zaunar da Baba ya huta minti biyar kafin awo. Ka riƙa rubuta sakamakon a littafi tare da rana da lokaci, ka je da shi duk ranar ganin likita. Idan awon yana yawan kai 140/90 ko ya wuce, likita yana bukatar ya sani, kuma shi ne zai ce a canza magani ko a bar shi.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu kai tsaye wanda masu talla ba sa ambatawa. A watan Disambar 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan sun wallafa cewa na'urar awon iskar oksijin ta yatsa tana kasa gano ƙarancin iska a jinin baƙar fata kusan ninki uku fiye da na farar fata. Na asibiti ke nan, balle agogon da ba a san wanda ya ƙera shi ba. Duk lokacin da Baba yake haki ko ƙirjinsa ya riƙe, a tafi asibiti ko da agogo yana nuna lafiya lau.

Wannan ba yana nufin agogon ba shi da amfani ba. Yana ƙirga taku, yana nuna bugun zuciya, wasu ma suna faɗakarwa idan bugun ya rikice. Idan don haka kake so, to wayarka ce za ta fara yanke hukunci. Apple Watch ba ya aiki sai da iPhone, don haka mai Tecno ya cire shi daga lissafi. Ka duba sunan manhajar agogon da kake so, ka sauke ta a wayarka tun kafin ka biya, ka tabbata tana buɗewa a Najeriya, domin kamfanoni suna rufe wasu ayyukan lafiya bisa ƙasar da mutum yake. Sai batun caji: agogon da ke neman caji kullum zai zama nauyi a inda ake kai waya wurin mai caji ko ake dogaro da ɗan sola, gara wanda batirinsa ke kwana bakwai ko fiye.

Yanzu ga hanyar kawo kayan. Yadda abin yake, kamfanin zai ba ka adireshin sitonsa da lambar da ke nuna kayan naka ne, shago ya aika can, su kuma su haɗa da kayan wasu su sako a jirgi. Hanya ce da 'yan kasuwar Kano suka daɗe da sani, ita ce suke kira kago. Sai dai farashin da ka gani a shafin shago somin-taɓi ne. Yawancin jihohin Amurka suna ɗora harajin saye, shi ya sa wasu kamfanonin ke ajiye sitonsu a Delaware ko Oregon inda babu wannan haraji. Bayan haka akwai kuɗin dako, kuma ba nauyin kaya kawai ake dubawa ba, har da girman kwali. Kamfanonin jirgi da yawa suna ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita su raba da 5000, sai su caje ka a kan wanda ya fi yawa tsakanin wannan da nauyin gaskiya. Idan shago ya sa agogon a kwali mai santimita 30 da 25 da 20, za a lissafa maka kilo 3 alhali kayan bai kai rabin kilo ba. Ka tambaye su ko suna sake ɗaure kaya a ƙaramin kwali, da kuma mafi ƙarancin nauyin da suke caja.

Ka faɗa musu tun farko cewa kayan yana da batirin litiyam, domin dokokin sufurin jirgin sama sun sa shi cikin kaya masu haɗari, kuma wasu kamfanonin ba sa ɗauka, wasu suna ƙara kuɗi. Ka nemi su rubuta maka ko kuɗin fito na kwastam yana cikin abin da za ka biya, da inda za ka karɓi kayan, Legas ko Kano. Idan wani ya ba ka shawarar a rage farashin kayan a takarda don a sauƙaƙa fito, kada ka yarda. Ban da saɓa doka, idan kayan ya ɓace, a kan abin da aka rubuta za a biya ka.

Abin da ya fi damuna da wannan hanya shi ne ranar da agogon zai lalace. Shaguna da yawa suna ɗaukar cewa sun gama nasu da zarar kaya ya isa siton, kuma wa'adin mayar da kaya yana iya cika tun yana hanya. Garanti ma sau da yawa a ƙasar da aka saya yake aiki, ga kuɗin mayarwa da kan kusan kai kuɗin agogon. Don haka kafin ka tura ko kwabo, ka shiga Kano ka zaga kasuwar waya ta Farm Centre da titin Beirut ka ji farashin irinsa. Ko da ya ɗan fi tsada, za ka haɗa shi da wayarka a gaban mai shago, ka karɓi rasit, ka san inda za ka koma.

Idan duk da haka ka zaɓi kago, ka nemi kamfanin da ke da ofis a Kano wanda wani da ka sani ya taɓa karɓar kaya ta hannunsu, ka sa su ɗauki hoton kayan a sito kafin su sako shi. Ranar da ya iso, ka je da kanka ka buɗe kwalin a gabansu ka kunna agogon, maimakon a ba direban motar Ringim a tasha ya kawo maka.