Ƙanwata, batun filaskon da Inna za ta ɗaure miki

Na ga saƙonki. Barka da samun biza, Allah Ya sa a fara karatu a sa'a. Kin ce taurin bayan gida ya daɗe yana damunki, har Inna ta sayi filasko za ta cusa miki a akwati, kina tambaya ko a Ingila akwai abin da zai maye shi.

Akwai. Amma kafin nan, ki sani watanninki na farko sai abin ya ƙaru. Ni ma da na sauka Sheffield a kaka, burodi da taliya na koma ci, ga sanyi ba ya barin mutum ya ji ƙishi, ga zaman laburare tun hantsi har isha. Kwana biyar na yi shiru. Na je kemis ina jin kunyar faɗa, matar da ke wurin ta tambaye ni kamar farashin tumatir take yi.

Cikin abin da suke bayarwa akwai iri biyu, kuma duka ana sayensu ba sai da takardar likita ba. Na farko macrogol, gari ne a 'yan ƙananan ledoji, za ki gan shi da sunan Movicol ko Laxido. Ana narka leda ɗaya a ruwa mililita 125, wato kamar rabin kofi, babba yana shan ɗaya zuwa uku a rana, a rarrabe. Na biyu lactulose, ruwa ne mai kauri da zaƙin da har yana ginsa, ana fara babba da mililita 15 sau biyu a rana. Ki auna da ɗan kofin da ke zuwa da kwalbar, kada ki ɗauko cokalin tuwo ki ce ai duk ɗaya ne.

To ga inda mutanenmu ke kuskure. Mu mun taso da cewa maganin da bai murɗa ciki ya kai mutum bayi da gudu ba, bai yi aiki ba. Filasko haka yake, hanji yake zaburarwa, a sha da dare a tashi da shi. Waɗannan kuwa ba sa zaburar da komai. Ruwa suke riƙewa a cikin hanji har bahayar ta jiƙa ta yi laushi, shi ya sa sukan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku. Ni a daren farko da na ga babu labari sai na ninka lactulose ɗin. Abin da na samu kumburin ciki ne da iska, washegari a aji ina ta addu'ar Allah Ya rufa asiri, rana ta uku kuma zawo. Ko a kan ƙa'ida ma lactulose yana sa iska a kwanakin farko, sannan ya lafa.

Kuma tunda da ruwa yake aiki, sai kin ba shi ruwan. Kofi shida zuwa takwas a rana, ko kina jin ƙishi ko ba kya ji. Wanda kika narka garin da shi ba ya cikin lissafi. Idan azumi ya zo, ki raba tsakanin buɗa-baki da sahur.

Da zarar bahaya ta koma laushi tana fita ba yunƙuri, ki rage, sannan ki daina. In kin kusa mako biyu kina sha ba sauyi, ki ga likitan unguwa da suke kira GP. Ki yi rajista da shi makon da kika sauka, tunda kin riga kin biya kuɗin NHS, wato hukumar kula da lafiya ta ƙasar, tare da bizar. In akwai wani magani da kike sha, ki bar tazarar awa ɗaya tsakaninsa da macrogol, kuma ki gaya wa mai kemis ɗin. Ƙwayar ƙarin jini da maganin ciwo mai codeine su kansu suna ɗaure ciki, ƙila ma can matsalar take. Mai ciwon ƙoda kada ya taɓa maganin taurin bayan gida mai sinadarin magnesium sai likita ya ce.

Wannan kuma ki riƙe shi da kyau: idan ciki ya kumbura yana ciwo mai tsanani, ga amai, ko tusa ba ta fita, kada ki sha ko ɗaya. Hanji na iya toshewa, ki kira 111, layin neman shawarar lafiya, nan take, in ya yi tsanani 999, lambar gaggawa. Jini a bahaya ma kada ki ce basir ne ki share, a duba.

Ki ce wa Inna ta cire filaskon ta sa kuka da busasshiyar kuɓewa a gurbinsa, nan da tsada suke. Kilishin da kika ambata kuwa ku cinye shi a gida, ba a shigo da nama daga Najeriya.