Ka sauya zuwa Linux Mint, to wace manhaja za ka ɗora?

Malam, ka ce ka bar Windows ka ɗora Linux Mint, kana tambayar abin da zai maye maka gurbin Word da sauransu. Da farko, faifan manhajojin da ake saya a Banex Plaza, a Wuse 2, ajiye shi gefe. Fayil ɗin .exe ba na wannan tsarin ba ne.

Buɗe Software Manager, nan ne rumbun manhajojin, kuma kyauta ne. LibreOffice da Firefox sun zo tare da tsarin. Writer, wanda ke cikin LibreOffice, shi ne madadin Word, kuma yana buɗe docx, amma in za ka kai takarda a buga maka a shago, mayar da ita PDF tukuna, don kada layuka su wargaje a kwamfutarsu. Don bidiyo ɗora VLC, gyaran hoto kuma GIMP.

Inda nake so ka kula shi ne data. Manhaja ɗaya takan fito iri biyu, ta tsarin da ta Flatpak, wato wata hanyar ƙunsa manhaja tare da kayan da take buƙata. Flatpak na farko da ka ɗora yakan jawo ƙarin kaya masu nauyi sosai, don haka ni ta tsarin nake zaɓa in akwai.

Ka shiga saitin allon rubutu ka ƙara Hausa ta Nijeriya, za ka samu ƙ da ɗ da ɓ.